Ruwan mahaƙar ma'adinai: wanda ake sha, wanda ake noma da shi, da wanda ke kashe rafi

Duk wanda ya haƙa ƙasa ya yi nisa, sai ya haɗu da ruwa. Mai neman kwal, mai neman zinariya, mai neman tagulla, babu wanda zai kai ga ma'adini sai ya fara kwashe ruwan da ke kwararo masa. Shekaru aru-aru abin da ake yi da ruwan nan shi ne a tura shi rafi mafi kusa, kowa ya kama gabansa. Yau akwai garuruwan da ke shan sa a famfo, akwai gonakin da ake shayarwa da shi, akwai gidajen da ake ɗumamawa da shi. Akwai kuma garin da ya raba da ruwan sha na watanni. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan an ɗauko zancen.

Wane ruwa ne ake kira ruwan mahaƙa?

Kashi uku ne. Akwai wanda injuna ke tsotsowa daga rami ana cikin aiki, don kada ya cinye ma'aikata. Akwai ruwan sama da ke ratsa tsibin ɓaraguzan duwatsu da aka zubar a waje, ya fito ta gindinsu. Sai wanda ke taruwa bayan an rufe mahaƙa an kashe injuna: yana cika ramukan a hankali, shekara da shekaru, har ya sami kafa ya ɓullo a doron ƙasa. Wannan na ƙarshe ya fi wahalar da jama'a, domin lokacin da zai ɓullo, sau da yawa kamfanin da ya haƙa ramin ya daɗe da tattara komatsansa.

Me ke sa shi tsami, kuma me ya sa yake yin ja?

Akwai wani dutse mai ƙyalli da ake kira fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta ne, kuma yana nan jingim a jikin kwal da duwatsun zinariya da na tagulla. Muddin yana binne inda iska ba ta kaiwa, lafiya lau. Haƙa ce ke tono shi ta farfasa shi. Da iska da ruwa sun same shi sai ya fara lalacewa, ya saki asid, irin wanda ke cikin ruwan batir, tare da narkakken ƙarfe. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa cikin tsami suna ƙara wa abin sauri ninkin ba ninkin. Asid ɗin kuma ba ya tafiya hannu rabbana: duk abin da ya tarar a jikin dutse sai ya narkar ya tafi da shi, alminiyam, manganis, zinki, tagulla, a wasu wuraren har da dalma da asenik da yuraniyam.

Jan kuwa tsatsa ce. A cikin rami ruwan na iya zama garai-garai, saboda ƙarfen a narke yake. Idan ya fito ya sha iska sai ƙarfen ya koma laka ja ko ruwan ɗorawa, ta lulluɓe ƙasan rafi, ta shaƙe ƙwari da ƙwan kifi.

Ana auna tsami da ma'aunin pH. Ruwan sha yana tsakanin 6.5 da 8.5. Kogin Tinto na kudancin Sifen, inda ake haƙa tun kafin zamanin Rumawa, yana wajen 2, kuma kowane mataki ɗaya da aka sauko tsamin ya ninka sau goma ke nan.

Ke nan duk ruwan da ya fito daga mahaƙa guba ne?

A'a. Dutsen wurin ne ke yanke hukunci. Inda akwai dutsen farar ƙasa kusa da fairait, yana kashe tsamin tun a ƙarƙashin ƙasa, ruwan ya fito ba asid, sai dai ƙarfe ko gishiri. Mahaƙar tagulla ta Konkola a Zambiya tana cikin waɗanda suka fi ruwa a duniya, ana tsotso sama da lita miliyan 300 a rana, kuma yawancinsa yana ƙarewa a kogin Kafue, kogin da birnin Lusaka ke ɗiba can gaba.

Kuskuren da ya fi wannan hatsari shi ne a ɗauka ruwan da ba shi da launi lafiyayye ne. Jan ruwa yana gargaɗin mutum da kansa. Asenik da dalma da yuraniyam ba su da launi, ba su da wari, kuma a adadin da suke cutarwa harshe ba ya jin su. Ba a gane su sai a ɗakin gwaji.

Da gaske akwai garin da ke shan ruwan mahaƙa?

Akwai, kuma misali mafi shahara a Afirka yake. Garin eMalahleni, wanda a da ake kira Witbank, a lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu, yana zaune ne a tsakiyar mahaƙun kwal. Matsala biyu suka haɗu a wurin. Garin yana ta girma, madatsarsa da ke kan kogin Olifants ta kasa wadatar da shi. Mahaƙun da ke kewaye kuma ruwa ya yi musu yawa, yana cika ramuka yana hana aiki, doka kuma ba ta yarda a sake shi a kogi yadda yake ba. A 2007 kamfanin Anglo American, tare da BHP Billiton, ya buɗe matatar da ke karɓar ruwan mahaƙun ta mayar da shi na sha. Ta kai tana tace lita miliyan 30 a rana, kusan miliyan 16 daga ciki ana tura su tankunan hukumar gari, wato wajen kashi 12 cikin ɗari na abin da garin ke buƙata a lokacin. Sauran yana komawa aikin mahaƙun. Daga baya an faɗaɗa ta, kuma tun 2021 tana hannun kamfanin Thungela, wanda ya gaji mahaƙun kwal na Anglo a ƙasar.

Abin da ya kamata a ajiye kusa da wannan labari shi ne na garin Carolina, a lardi ɗaya. A Janairun 2012, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ruwan mahaƙa mai tsami ya gangara cikin madatsar Boesmanspruit da garin ke sha. Matatar garin ba a gina ta don irin wannan ruwa ba. Mutane suka yi watanni suna bin tankoki, har sai da maganar ta kai kotu. Kwal ɗin ɗaya ne, dutsen ɗaya ne. Bambancin shi ne a wuri guda an tare ruwan tun bai fita ba, an kuma sami mai biyan kuɗin tace shi.

A Amurka, garin Park City na jihar Utah, tsohon garin masu haƙar azurfa, yana samun kaso babba na ruwansa daga tsoffin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na Judge da Spiro, waɗanda aka haƙa tun asali don yashe mahaƙun. Ruwan fes yake a ido, amma sai da garin ya gina matata ta musamman don cire asenik da wasu ƙarafa. A Indiya, ruwan mahaƙun kwal na Neyveli yana cikin abin da ake turawa birnin Chennai, kuma kamfanin Western Coalfields har ruwan gora yake yi kusa da Nagpur, mai suna Coal Neer.

Yaya ake tace shi?

Hanya biyu ce, kuma yawan ruwan da munin sa ne ke zaɓa.

Ta farko ta injuna da sinadarai ce. Ana zuba farar ƙasa don kashe tsami, a hura iska a ciki don ƙarfe ya yi tsatsa, a bar lakar ta kwanta a manyan tankuna a janye ta. Wannan yana cire asid da yawancin ƙarafa, amma ba ya cire gishirin salfet, wanda farar wutar fairait ke bari a cikin ruwa. Idan ana son ruwan sha, sai an matsa shi da ƙarfi ta cikin wani tantani mai ƙananan ƙofofin da ruwa ke wucewa gishiri ya tsaya, irin injin R.O. da masu fiya wata ke amfani da shi, sai dai wannan ƙato ne. A eMalahleni ana maimaita matakin sau uku, har ana ceto sama da kashi 99 cikin ɗari na ruwan da ya shiga.

Ta biyu ita ce a bar ƙasa da ciyayi su yi aikin. Ana bi da ruwan ta ramukan da aka cika da dutsen farar ƙasa, ya sauka ta matakala don ya sha iska, ya zauna a tafkuna, sannan ya ratsa fadamar da aka ƙirƙira aka shuka mata ciyayin ruwa. Cikin ciyayin da aka fi shukawa har da kachalla, wadda ta addabi manoma da masunta a fadamun Haɗeja da Nguru. A nan kuwa cunkosonta ake so, don yana rage wa ruwa gudu lakar ta sami zama. Hukumar da ke kula da tsoffin mahaƙun kwal a Birtaniya, wadda aka kafa a 1994, tana riƙe da wuraren tace ruwa sama da 70, da yawansu irin wannan ne. Hanyar tana da arha wajen gudanarwa, amma tana cin fili, kuma ba ta iya ruwa mai tsananin tsami idan ya yi yawa. Ba kuma a barin ta haka nan, dole a riƙa kwashe laka.

An ce gurɓataccen ruwan mahaƙa yana iya wanke wani gurɓataccen ruwan. Ta yaya?

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni a duk lamarin. Wanda ya taɓa jefa alif a randar ruwa mai laka ya ga yadda dattin ke dunƙulewa ya kwanta. Alif gishirin alminiyam ne, kuma matatun ruwa suna sayen sa, ko gishirin ƙarfe, da kuɗi masu yawa don wannan aiki. To ruwan mahaƙa mai tsami ɗauke yake da narkakken ƙarfe da alminiyam, kyauta.

Ruwan bahaya na gari kuma yana da abin da ruwan mahaƙa ya rasa. Ba shi da tsami, don haka yana rage asid. Yana ɗauke da fosfaras, sinadarin da idan ya yi yawa a tafki yake haddasa gansakuka ta rufe ruwa kifi ya mutu. Idan aka haɗa su biyun daidai gwargwado, ƙarfen ya kama fosfaras su kwanta tare, ƙwayoyin dattin bahaya su ba tsatsar abin mannewa, kowanne ya rage wa ɗan'uwansa illa. A Lamesley, kusa da Gateshead a arewacin Ingila, tun 2005 ake haɗa ruwan wata tsohuwar mahaƙar kwal da ruwan da ya fito daga matatar bahaya a fadama guda mai faɗin sama da hekta 5, kafin a sake shi cikin kogin Team. A Potosi ta Bolibiya, inda dutsen azurfa na Cerro Rico ke zubar da ruwa mai tsami tun zamanin mulkin Sifaniyawa, masu bincike sun gwada haɗa shi da ruwan bahayar birnin, suka ga tsami da ƙarafa sun ragu sosai.

Akwai kuma na masu haƙar iskar gas a jihar Pennsylvania ta Amurka. Ruwan da ke dawowa daga rijiyoyinsu yana ɗauke da bariyam da radiyam mai tururin nukiliya. Wani bincike na Jami'ar Duke ya nuna cewa idan aka gauraya shi da ruwan mahaƙa, salfet ɗin yana kama bariyam su zama dutse, radiyam kuma ya bi su ya kwanta. Ruwan ya yi sauƙi, amma radiyam bai ɓace ba, ya koma cikin lakar ne, ita kuma sai an nema mata ma'ajiya ta musamman. Haka duk waɗannan dabaru suke: suna tattara dafin wuri guda ne, ba sa shafe shi.

Lakar da ake cirewa fa, ina ake kai ta?

Yawancinta har yanzu binne ta ake yi, ko a mayar da ita cikin tsohon rami. Amma ba duka ba. Jar lakar nan idan an busar da ita an gasa, launi ce, irin wanda ake sa wa siminti da fenti. A Pennsylvania akwai kamfanin da ke kwasar ta daga tafkunan tacewa yana sayarwa, a Ohio kuma malaman jami'a sun haɗa kai da masu zane suna yin fenti da lakar rafin Sunday Creek. Ana kuma amfani da busasshiyar lakar wajen tsotse fosfaras daga ruwan bahaya. Matatar eMalahleni tana fitar da jifsam mai yawa, wato farin ma'adinin da ake yin filastar gini da shi, har an gwada gina gidaje da shi.

A Butte ta jihar Montana a Amurka, ƙaton ramin haƙar tagulla na Berkeley ya fara cika da ruwa tun da aka kashe injuna a 1982. Ruwansa ya kai munin da a 2016 dubban dinyoyin daji masu ƙaura suka sauka a kansa suka mutu. Duk da haka an yi shekaru ana bi da ruwan ta kan tarkacen ƙarfe, tagullar da ke narke a ciki ta manne a kwashe a sayar.

Na baya-bayan nan shi ne ma'adinan da ake yin maganaɗisun motoci masu lantarki da injunan iska da su, irin su niyodimiyam. Abin da ke sa su tsada shi ne narkar da su daga dutse da asid. A mahaƙar kwal, asid ɗin ya riga ya yi wannan aiki da kansa. Jami'ar West Virginia ta kafa wurin gwajin ciro su daga ruwan mahaƙa kusa da Mount Storm. Adadinsu a ruwan kaɗan ne, don haka a ganina abin da za a sa rai shi ne su rage kuɗin tacewa, ba su mayar da kowa attajiri ba.

Za a iya noman rani da shi?

Da wani za a iya, da wani kuma gonar ce za ta mutu. Tun ƙarshen shekarun 1990 masu bincike na Jami'ar Pretoria suka yi ta shayar da masara da alkama da wake a mahaƙar kwal ta Kleinkopje a Afirka ta Kudu da ruwan da aka kashe wa tsami da farar ƙasa. Amfanin ya yi kyau. Dalili shi ne gishirin irin wannan ruwa jifsam ne, kuma idan shuka ta sha ruwan, jifsam ɗin yana kwanciya a cikin ƙasa ba tare da ya ƙone saiwa ba. A Indiya ma kamfanonin kwal na gwamnati suna ba ƙauyuka masu yawa ruwan ban ruwa.

Ruwan da gishirinsa sodiyam ne labarinsa daban. Yana sa ƙasa ta daskare, ruwa ya daina shiga, ta koma kamar fili mai kanwa. Ruwa mai kadmiyam ko dalma kuma ya fi muni, don shukar za ta yi kore shar, dafin yana cikin ganye. Alayyafo da latas da shinkafa sun fi ɗauka. Mai lambu ba zai gani ba, mai saye a kasuwa ma ba zai gani ba.

Ban da sha da noma, akwai wani amfani?

Masana'antu ne ma suka fi dacewa da shi, don ba sa buƙatar ruwa mai tsabtar na sha, kuma duk litar da suka ɗauka a rami, lita ce da suka bar wa gari a kogi. A Pennsylvania akwai tashoshin wutar lantarki da ke sanyaya injunansu da ruwan tsoffin mahaƙu, kuma a 2015 jihar ta yi dokar da ta sauƙaƙa wa masu haƙar gas amfani da tataccen ruwan mahaƙa. A yankin Shendong na ƙasar Sin, inda ruwa ke da wuya, ana mayar da ramukan da aka gama kwashe kwal su zama ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, inda rana ba ta shanye shi.

Akwai kuma ɗumi. Ruwan da ke can ƙasa zafinsa ba ya canzawa rani da damina. Garin Heerlen na Holan ya fara ɗumama gine-gine da sanyaya su da shi a 2008, Mieres ta Sifen tana yi wa asibiti da jami'a, Gateshead kuma ta buɗe nata a 2023 da ruwan da ke wajen digiri 15.

In haka ne, me ya hana a yi a ko'ina?

Kuɗi da farko. Matsa ruwa ta tantani yana cin wuta sosai, farar ƙasa sai an saya kullum, tantanin yana toshewa, kuma ana buƙatar ƙwararrun da za su zauna da injin dare da rana. Ragowar ruwan gishirin da tantani ya tare ma matsala ce mai zaman kanta, musamman a wurin da ba teku kusa.

Johannesburg ta nuna inda abin ke tsayawa. Tun 1886 ake haƙar zinariya a tudun Witwatersrand, ƙarƙashin birnin duk ramuka ne masu haɗe da juna. Da mahaƙun suka riƙa rufewa, ruwa ya riƙa hawa, a 2002 ya ɓullo a yammaci, wajen Krugersdorp da Randfontein. Gwamnati ta kafa kwamitin ministoci a 2010, aka gina manyan matatu, ta Germiston a 2014, ta Springs a 2016. Sun hana ambaliyar asid, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma aikinsu kashe tsami da cire ƙarafa ne kawai. Ruwan yana fita da gishirinsa ya bi rafuka zuwa kogin Vaal, sai kuma an saki ruwa mai kyau daga madatsa don a tsarma shi, ruwan da wani sashensa daga tsaunukan Lesotho aka sayo. Ga ruwa a ƙarƙashin birnin da ke kukan ƙishi, an yi rabin aikin tace shi, an kasa ƙarasawa. Wannan yana ci mini rai.

Sai tsoron doka. A Amurka ƙungiyoyi da kamfanoni sun daɗe suna gudun taɓa ruwan tsohuwar mahaƙar da ba su suka haƙa ba, don kada alhakin gurɓatar ya koma kansu.

Wa ke biya idan kamfani ya tafi?

Wannan tambaya ta fi duk na baya nauyi. Kwal yana ƙarewa cikin shekara talatin ko hamsin, fairait kuwa yana iya sakin asid ɗaruruwan shekaru. Mahaƙar kuza ta Wheal Jane a Cornwall ta Ingila ta rufe a 1991, a Janairun 1992 wajen lita miliyan 50 na jan ruwa suka ɓalle cikin kogin Carnon, kuma har yau da kuɗin gwamnati ake tace ruwan wurin. A gabashin Johannesburg, mahaƙar Grootvlei ta daina tsotso a 2011 bayan masu ita sun durƙushe, nauyin ya faɗo kan jama'a.

Jamus ta bi wata hanya. A 2007, tun kafin ta rufe mahaƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa ta ƙarshe a Bottrop a 2018, ta kafa gidauniyar RAG, aka zuba mata dukiyar da ribarta za ta riƙa biyan kuɗin tsotson ruwa ba tare da ranar dainawa ba. Ra'ayina shi ne duk lasisin haƙa ya kamata ya zo da irin wannan ajiya, kuɗi a hannu tun ranar farko, ba alƙawari a takarda ba. Kuma kamfanin da ke sayar wa gari tataccen ruwa bai yi sadaka ba, dattinsa ne yake sharewa.

Dogaro da ruwan ma yana da nasa hatsarin. Kogin Spree da ke ratsa Berlin ya shafe fiye da ƙarni yana samun ƙari daga ruwan da ake tsotsowa a mahaƙun kwal na Lausitz. Jamus za ta daina kwal zuwa 2038, kuma a 2023 hukumar muhalli ta ƙasar ta yi gargaɗin cewa idan injuna suka tsaya, a watannin fari kogin na iya rasa har kashi uku cikin huɗu na ruwansa a wasu wurare.

Mu fa, ina abin ya shafe mu?

A tudun Jos muna da namu misali, wanda ba wanda ya tsara shi. Haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20 ta bar kududdufai birjik a Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi da kewaye. Da su 'yan lambu ke noman rani, tumatir da kabeji da karas da dankalin turawa da ake lodi zuwa kasuwannin ƙasar. Kuzar Jos galibi daga yashi da tsakuwa aka wanke ta, ba daga dutse mai fairait ba, don haka tsami ba shi ne babban abin tsoro a can ba. Abin lura shi ne ragowar yashin wankin, wanda a wasu wurare ke ɗauke da toriyam da yuraniyam, da kuma zurfin ramukan da ke cin yara da dabbobi. Kududdufin da ke ciyar da dubban iyalai ya cancanci a auna ruwansa a kai a kai, a gaya wa masu amfani da shi sakamakon.

Enugu kuwa kwal ne, kuma ruwa mai tsami daga tsoffin mahaƙun Onyeama da Okpara yana gangarawa rafuka irin su Ekulu, a birnin da kowa ya san wahalar ruwansa. A Arlit ta Nijar, ruwan da aikin yuraniyam ya shafe shekaru yana sha tsohon ruwan ƙarƙashin hamada ne, wanda damina ba ta mayar da gurbinsa. Mahaƙar yuraniyam ta COMINAK da ke kusa da garin ta rufe a 2021, kuma tun 2010 ƙungiyar Greenpeace ta ba da rahoton samun yuraniyam fiye da ƙima a wasu samfuran ruwan garin. Zamfara kuma ba ta buƙatar tuni: a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Kududdufin da aka wanke irin wannan dutse a ciki ba na shayar da dabba ba ne, balle mutum.

Idan na tafasa shi, ko na sa alif, ko na tace da ƙyalle, zai shawu?

A'a. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, ba ta taɓa ƙarfe. Ruwa ne ma ke tashi, dafin ya ƙara kauri a abin da ya rage. Alif yana kwantar da laka ya sa ruwa ya yi haske, amma babu tabbacin ya cire abin da ke narke. Kulorin ma haka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga asenik da dalma ita ce kada su wuce maikirogiram 10 a lita, kadmiyam 3, yuraniyam 30. Waɗannan adadi ne da ido ba zai taɓa gani ba. Yara da masu juna biyu su ne dalma ta fi yi wa lahani.

Ana alwala da shi?

Malaman Malikiyya sun bayyana cewa ruwan da ya jirkita saboda ƙasar da yake kwance a kai, kamar gishiri ko laka, bai fita daga tsarki ba. Hukuncin wani ruwa takamaimai kuwa malami za a tambaya. Amma tsarki daban, lafiya daban: alwala tana da kurkurar baki da shaƙa ruwa, kuma ruwa mai asid yana cin fata da ido.

Idan kamfani ya ce zai ba garinmu ruwan mahaƙarsa, me za mu tambaya?

A fara da takardar gwaji, kuma ta ɗakin gwajin da ba kamfanin ke biyan albashinsa ba. Ta nuna pH da salfet da ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, ba kawai a ce "babu ƙwayoyin cuta" ba, don gwajin da aka saba yi wa rijiyar burtsatse sau da yawa ba ya duba asenik ko yuraniyam sai an nema. A ɗebi samfur da rani, a sake ɗiba bayan ruwan farko na damina, lokacin da gishirin da ya bushe a kan duwatsu ke wankowa gaba ɗaya.

Sannan a tambayi inda lakar da ragowar ruwan gishiri za su je, don kada a ba gari famfo ta gaba a zuba masa dafi ta bayan gonaki. A tambayi wa zai sayi man injin da sinadarai ranar da aka rufe mahaƙar, nawa aka ajiye, a wane asusu, da sa hannun wa ake cirewa. Hakimi da dagatai da ƙaramar hukuma su riƙe kwafin yarjejeniyar, a kuma karanta ta da Hausa a gaban jama'a kafin kowa ya sa hannu. Tsoffin rijiyoyin gari kada a bari a cike su don an ga famfo ya zo. A auna zurfin ruwansu tun yanzu a rubuta, domin tsotson da mahaƙa ke yi yana iya janye ruwan ƙarƙashin ƙasa na kewaye, kuma ba a iya nuna rijiya ta ja baya sai an san inda take a da.